Ƙyaftawa Bakwai

Ranar da na kawo shi gida a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, cikin watan Nuwamba na 2023, uwargida ta leƙo daga ƙofa ta ga mu biyar muna ta nishi da wani ƙaton akwati. Ta ce, "Alhaji, wannan makara ce ko gado?" Na ce filifa ne. Ta ce, "Nawa?" Na yi kamar ban ji ba, na shiga ce wa yara su yi hankali da gilashi. Ba ta sake tambaya ba. Da dare ta buɗe inda muke ajiya ta ƙirga, ta ga jaka 250 sun yi ƙafa daga kuɗin kayan ɗakin 'yarmu, wadda aka sa bikinta bayan ƙaramar Salla. Shekara ashirin da takwas muna tare, ban taɓa jin shirunta ya yi mini nauyi kamar na wannan daren ba.

Yaran yanzu ba su san filifa ba, bari in ɗan yi bayani. Tebur ne mai gangare da aka rufe da gilashi, a kansa akwai wani akwati a tsaye mai hoto da fitilu da lambobin maki. Ka jefa kuɗi, ka ja wani ƙarfe ka saki, ƙwallon ƙarfe ya haura sama, ya gangaro yana karo da wasu 'yan huluna masu tunkuɗe shi. Kai kuma kana da maɓalli biyu a gefe, masu motsa wasu 'yan hannuwa biyu a ƙasa, kana mayar da ƙwallon sama kada ya faɗa rami. In ka girgiza teburin fiye da kima, wasan ya mutu nan take, domin a ciki akwai wani ɗan ƙarfe da ke reto kamar ma'aunin magina, da ya taɓa zobensa shi ke nan. Kamfanin Gottlieb na Shikago ne ya fara sa waɗannan hannuwa a 1947. Shi da Bally da Williams a wancan zamanin duk a Shikago suke. Daga can injinan su tafi shagunan shan kofi na Faransa, in sun tsufa a can a lodo su a jirgin ruwa zuwa Abijan, cikin kayan da mutanen nan ke kira France au revoir, wato Faransa sai wata rana.

Na sauka Abijan a 1988 ina ɗan shekara 17, daga wani ƙauye kusa da Madawa. Kawuna yana da teburin kofi da burodi a Tireshbil, daf da Layi na 12, wanda a wancan zamanin ba ya barci. Tsallaken titi akwai mashayar wata mata da kowa ke kira Tanti, tana da filifa biyu a bakin ƙofa. Ni nake kai mata kofi da safe. Kawu ya ja mini kunne: ka ajiye kofi, ka karɓi kuɗi, ka fito. Na kiyaye wannan har ranar Litinin ɗin da na tarar da wani tsoho mutumin Togo ya ɗaga fuskar teburin sama ya tokare ta da sanda. Abin da na gani a ƙarƙashi ya tsayar da ni da tire a hannu: wayoyi kala-kala sun fi hanjin rago yawa, ga kwayil-kwayil, ga 'yan ƙarafa suna buɗewa suna rufewa. Tsohon ya dube ni ya ce, "Aboki, riƙe mini tocila." Tun daga ranar na zama mai ɗaukar masa jaka duk Litinin, kusan shekara huɗu, daga Tireshbil zuwa Kumasi zuwa Markori. Kawu ya yi faɗa ya gaji.

Tsoho, haka muke kiransa, ba mai yawan magana ba ne, kuma Faransancina a lokacin na kasuwa ne. Amma akwai maganganu huɗu da ya maimaita mini har suka zauna. Ka fara daga bango, wato daga inda wuta ke shigowa, ka bi ta mataki-mataki. Ka yi aiki da hanci da ido kafin ka ɗauko mita. Kada ka canza abu biyu lokaci guda, don ba za ka san wanne ne ya warkar ba. Na huɗu kuwa, fis ba ya mutuwa da kansa, kashe shi ake yi, ka nemo wanda ya kashe shi.

Tsofaffin injinan da ba su da ƙwaƙwalwa, masu aiki da rile da mota kawai, Tsoho ya san su kamar tafin hannunsa. Da guntun kati yake goge bakin makunnai, ya ɗan lanƙwasa wani ƙarfe, inji ya tashi. Amma daga 1977 kamfanonin suka koma sa fanel mai ƙwaƙwalwar kwamfuta. A kan waɗannan iliminsa yana da iyaka. A injinan Bally akwai wata 'yar koriyar fitila a jikin fanel, in an kunna sai ta ƙyafta sau bakwai, sannan wasa ya tashi. Tsoho yakan tsaya ya ƙirga da yatsa. In matsalar a fis take ko a kwayil, ya gyara. In a cikin fanel ɗin take, sai ya girgiza kai ya ce wannan aikin Bature ne, a jira wani daga Faransa.

Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin kayan gyara ya ninka a dare ɗaya. Ga kuma wasannin bidiyo sun fara ɗauke hankalin samari. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa tura filifa bayan ɗaki. Tsoho ya koma Lome, ban sake jin labarinsa ba. Ni kuma na kafa teburin ƙwan fitila da waya da soket a kasuwar Tireshbil, gobarar 1997 ta cinye shi, na tsallako Ajame na sake farawa. Yau ina da shagon kayan wuta, alhamdu lillahi, da shi na yi aure na aurar, da shi na je Makka. Filifa kuwa na ɗauka na bar shi tare da ƙuruciya.

Sai ga wani mai gidan abinci daga Zon 4 ya zo sayen fitilun ado, yana shirin baƙin gasar ƙwallon Afirka da ƙasar nan za ta karɓa. Muna cikin ciniki ya nuna mini hoto a wayarsa, ya ce yana neman tsohon filifa mai aiki ya kafa a bakin ƙofa, zai biya jaka 900, amma sai in ya samu kafin ranar buɗe gasar, 13 ga Janairun 2024. Zuciyata ta tafi Tireshbil tun kafin ya rufe baki. Washegari na hau gbaka na tsallaka gada. Tanti ta rasu da daɗewa, jikanta na shirin rushe gidan ya ɗora bene. A ɗakin shirgi, ƙarƙashin wani tamfol, na same shi: Eight Ball na kamfanin Bally, ƙirar 1977, mai hoton saurayi da rigar fata yana buga sinuka. An ƙera irinsa fiye da 20,000, amma wannan shi ne wanda na sha goge wa gilashi da hannuna. Yaron ya ga idona, ya kafe a jaka 250. Ni da na shekara talatin ina koya wa yara kada su nuna wa mai kaya sun ƙyasa, na biya ban yi tayi na biyu ba. Mai gidan abincin ya ba ni jaka 100 kafin alƙalami.

Akwai abin da ya ɗan tsaya mini a rai, na kai wa limaminmu bayan sallar Asuba. Ya ce, "Yana biyan kuɗi in an ci?" Na ce a'a, iyakarsa ya ƙara maka wasa ɗaya kyauta. Ya ce, "To ka dai sani, ko dara ce aka zuba kuɗi a kanta ta zama caca. Ka dubi inda za ka kai shi." Ashe ba mu kaɗai muka yi wannan tambayar ba. A birnin Niyok an haramta filifa tun daga 1942 a kan cewa caca ne, sai a 1976 wani gwani mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban 'yan majalisar birnin ya nuna musu iyawa ce ke aiki, sannan aka ɗage dokar.

Na fara daga bango kamar yadda aka koya mini. Wayar filogi ta ruɓe, na canza. Na duba taransifoma na ga an ɗaure ta a kan 220, domin ta Faransa injin ya biyo. Wanda duk ya sayi irin wannan kaya ya duba wannan kafin komai, domin wanda ya zo kai tsaye daga Amurka an saita shi a kan wutarsu, wadda kusan rabin tamu ce, in ka cusa shi a bango hayaƙi za ka gani. Hancina ya gaya mini ɓeraye sun yi haya a ciki, danshin lagun kuma ya sa tsatsa a ko'ina. A ƙaramin fanel ɗin da ke raba wuta, bakin mahaɗan wayoyi ya ƙone ya yi launin gyaɗa soyayya, na sake su ɗaya bayan ɗaya. Wani babban kwandensa ya bushe, na nemo sabo. Na cire duk sauran fanel-fanel, na auna kowace wuta ita kaɗai har ta yi daidai. A nan ma a yi hattara, domin lambobin makin nan masu hasken ruwan lemo da wuta kusan 190 suke aiki, ta isa ta jefar da ƙato.

Sannan na haɗa fanel ɗin ƙwaƙwalwa na kunna. Koriyar fitilar ta kama, ta tsaya cak. Ko ƙyaftawa ɗaya babu.

Na haska tocila na ga dalili. Bally sun liƙa wani ɗan batir mai caji a jikin fanel ɗin, don ya riƙe maki da saiti in an kashe wuta. Batirin nan ya shekara wajen talatin a ɗakin shirgi yana yoyo a hankali. Ruwansa ya bi 'yan hanyoyin tagulla da ke jikin fanel yana ci, ya bar wani gari fari da kore kamar kanwa. Ƙafafun wasu ƙananan kaya da na taɓa da tsinke sai suka marmashe. Na zauna a ƙasa na dafe kai. Wannan shi ne wurin da Tsoho ke cewa aikin Bature ne. Kwana goma sun tafi, kuɗin yarinya sun tafi, ga kafin alƙalamin mutane na riga na kashe rabinsa a kayan gyara.

Dole a nan in kawo maganar ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, ko a gida ba na faɗa. Ya bar makaranta bai gama kwaleji ba. Na so ya zauna shago, ya zauna wata shida kamar wanda aka ɗaure, daga nan ya koma Black, kasuwar wayoyin nan ta Ajame. Kowa ya san sunan da Black ta yi. Na ce masa matattarar ɓarayin waya ce, duk wanda ya zauna can ko bai yi sata ba ya ci kuɗin sata. Shekara biyu tsakanina da shi sai gaisuwa. Uwarsa ta taɓa gaya mini cikin dare cewa yana tara kuɗi, kuma abokansa biyu sun bi hanyar Agadas, ɗaya ya kira daga Italiya, ɗayan har yau shiru. Na ce mata ya tafi mana, ai ƙafarsa ce. Daga shagona zuwa teburinsa tafiyar minti goma ce. Ban taɓa zuwa ba.

A daren da na zauna dafe da kai, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, in gani?" Na ce, "Wannan ba waya ba ce." Ya yi shiru, ya ɗauki hoton fanel ɗin da wayarsa, ya wuce ɗaki. Da safe uwargida ta ajiye mini koko, ta yi magana ta farko mai tsawo tun ranar da injin ya shigo gidan. Ta ce, "Alhaji, kuɗin 'yata ne a cikin akwatin nan. In girman kai zai gyara shi, to. In ba zai gyara ba, ka ba yaron nan."

Na naɗe fanel ɗin a jarida na tafi Black da ƙafata. Sai da na yi tambaya sau uku kafin a nuna mini lungun. Teburinsa bai kai faɗin ƙyauren ɗaki ba. Akwai madubin ƙara girma mai ido biyu, da injin hura iska mai zafi, da ƙarfen dalma mai baki kamar allura, da wani littafi da yake rubuta lambar kowace waya da sunan wanda ya kawo ta. Yara uku na zaune gefensa suna ce masa patron. Da ya gan ni ya miƙe zumbur, ya ba ni kujerarsa, ya aiki yaro ya sayo mini ruwa. Na miƙa masa jaridar ban ce komai ba, shi ma bai ce komai ba.

Kwana uku ina rufe shago da La'asar in je in zauna ina kallo. Ya fara da yanke batirin ya jefar. Ya cire duk kayan da ruwan ya taɓa. Ya haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ya goge wurin da tsohon buroshin haƙori, ya ce ruwan batirin irin na kanwa ne, sai da tsami ake kashe shi, in ba haka ba zai ci gaba da ci a ƙarƙashin sabuwar dalma. Ya ɗauraye, ya bi da sifirit, ya busar, ya kankare har tagulla ta fito tana ƙyalli. Sannan ya bi kowace hanya da mita yana sauraron ƙararta. Uku sun yanke, ya ɗinke su da waya mai kaurin gashi. Ƙananan tiransista da rizista na sashen da ke tayar da ƙwaƙwalwar duk ya samo su wurin masu kayan rediyo a nan Ajame. Ni da nake taƙama da riƙe ƙarfen dalma, na ga hannun da ba ya rawa ko kaɗan, kuma ban san ranar da ya koya ba.

Rana ta uku ya jawo wutar 5 da ta 12 daga akwatin wutar wata matacciyar kwamfuta ya haɗa. Fitilar ta ɗan yi wal, sannan ta ƙyafta. Ɗaya. Biyu. Ta tsaya.

Bakina ya riga ni. Na ce, "Biyu. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke kusa da batir ce." Ya ɗago ya dube ni. Ya buɗe littafin gyara na Bally da ya sauke a wayarsa, ya karanta, ya ce, "Haka ne, Baba. Lambarta 5101. A ina ka sani?" Na ce wani tsoho ne ya gaya mini tun ba a haife ka ba.

Yadda abin yake shi ne, duk lokacin da aka kunna injin, ƙwaƙwalwar takan bi sassanta tana gwadawa, wanda ya amsa lafiya sai fitilar ta ƙyafta sau ɗaya. Ta farko, umarnin wasan da aka rubuta a ciki yana nan daidai. Ta biyu, ma'ajiyar aiki lafiya. Ta uku, ma'ajiyar da batir ke riƙewa. Ta huɗu da ta biyar, wasu kaya biyu masu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da makunnai da fitilu. Ta shida, agogon da ke kula da lambobin maki. Ta bakwai kuwa ba ta zuwa sai wutar 43 mai motsa kwayil ta iso. Inda ƙirga ta tsaya, abin da ke gaba shi ne marar lafiya. Injin da kansa yake faɗin inda ke masa ciwo, in ka yi haƙurin ƙirgawa.

An daina yin 5101 da daɗewa, mun zagaye Ajame babu. Yaron ya saya ta intanet daga Faransa, wani abokinsa da yayansa ke zuwa hutun ƙarshen shekara ya ce za a taho da ita. Kwana goma sha biyu muka jira. A cikinsu ne muka koma kan teburin da kansa, kullum bayan Isha'i. A nan ni ne malami. Na nuna masa yadda ake goge bakin makunni da kati, yadda ake saita ɗan makunnin da ke rage wa kwayil ɗin hannu wuta in ya kai ƙarshen bugu don kada ya ƙone, yadda ake gane kwayil mai lafiya da wari. Muka sake robobi da ƙwayayen fitila, muka wanke fuskar teburin. Mutum biyu in kansu na ƙarƙashin tebur ɗaya, ɗaya na riƙe da tocila, magana takan zo da sauƙi, don ba a kallon juna. Na ba shi labarin Layi na 12 da Tsoho da daren gobara. Shi kuma ya gaya mini yadda ya yi shekara guda yana share teburin wani ba a biyansa, da yadda yake mayar da duk wayar da mai ita ya kasa buɗe ta da kansa.

Kayan ya iso ƙarshen Disamba. A teburinsa fitilar ta ƙyafta shida, ya ce daidai ne, ta bakwai sai a cikin inji. Ranar 4 ga Janairu da dare muka mayar da fanel muka kunna. Na ƙirga da yatsa kamar Tsoho. Shida. Shiru.

Na duba fis ɗin wutar 43, ya yanke. Na sa wani, na kunna, ya yi tas. Na sa na ƙarshe da nake da shi, shi ma tas. Ƙarfe sha ɗaya na dare, saura kwana tara, mai gidan abinci ya kira ni sau biyu a ranar. Na ga wata takardar gwangwani ta cikin kwalin sigari a cikin shirgin injin, irin wadda masu gyaran gaggawa ke naɗe mataccen fis da ita. Na ɗauka na fara naɗewa. Na ce a raina minti ɗaya kawai, in ga ta bakwai ɗin da idona.

Yaron ya durƙusa ya riƙe mini wuyan hannu. Tun da ya girma bai taɓa yi ba. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kai ka ce kashe shi ake yi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji maganganu sun taso mini har maƙogwaro, irin waɗanda na saba yi masa. Allah Ya taimake ni na haɗiye. Na ajiye takardar na ce ɗauko mita.

Muka bi kwayil ɗaya bayan ɗaya muna aunawa. Na kan tebur duk lafiya. Sai can cikin akwatin ƙasa, wurin wasu 'yan ƙarafa da ake bugawa su ba da sauti in an ci maki, muka sami kwayil ɗaya ya narke, mita na nuna kusan sifiri. Kowane kwayil yana da ɗan diyod a jikinsa, aikinsa ya shanye wutar da ke dawowa da ƙarfi in an saki kwayil ɗin. Na wannan ya karye. Da ya karye, wutar ta koma ta kashe tiransistan da ke ba kwayil ɗin umarni, tiransistan ya mutu a buɗe, kwayil ya riƙa shan wuta ba hutu har ya narke. Fis ɗin da nake shirin toshe wa baki shi kaɗai ne ke tsaye tsakanin wannan da fanel ɗin da yaron ya kwana uku a kansa, da ma gidan da iyalina ke barci a ciki.

Washegari na kai kwayil ɗin wurin mai naɗin fanka ya sake naɗe shi. Yaron ya sa sabon tiransista TIP102 da diyod 1N4004, kuɗinsu duka bai kai na farantin garba biyu ba. Batir kuwa bai mayar da shi jikin fanel ba. Ya sa ƙananan batura uku a wani ɗan gida can nesa a ƙasan akwati, ya ja waya, ya sa diyod don kada injin ya yi ta cusa musu caji. In sun yi yoyo nan gaba, katako za su ɓata.

Ranar 9 ga Janairu muka kunna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, sai ɗan jinkiri kamar na numfashi, bakwai. Ƙarafan nan suka buga ɗan sautinsu, lambobi suka kama, fitilu suka bi juna. Sautin da na ji ke nan ina ɗan shekara 17 da tire a hannu. Yaran gida suka cika ɗakin. Uwargida ta zo ta tsaya, yaron ya nuna mata maɓallan, ta danna duka biyu tun ƙwallon bai iso ba, ya wuce ta tsakiya ya faɗa rami. Ta ce, "Wannan ne abin da ya hana mu barci wata biyu?" Amma sai da ta sake bugawa sau uku.

Mun kai shi Zon 4 saura kwana biyu a buɗe gasa. Mutumin ya cika jaka 800. Na mayar da na kayan ɗaki a gaban mai su, ta ƙirga sau biyu. Na ware jaka 200 na kira yaron na ba shi, na ce ladan aikinsa ne, ba kyauta ba. Sannan na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun shekara biyu da suka wuce: kuɗin da kake tarawa na mene ne? Ya sunkuyar da kai ya ce da farko na hanya ne, yanzu kuma akwai wani ɗan shago da za a saki kusa da teburinsa, yana tunani. Bai ce ya fasa ba, ni ma ban sa shi ya rantse ba. Na ce in ya tashi zuwa ganin mai shagon ya gaya mini mu je tare, don na fi shi sanin yadda ake ciniki, in dai ba filifa ake sayarwa ba. Ya yi dariya. An yi bikin ƙanwarsa bayan Salla, shi ya sayi firij.

'Yan uwana 'yan kasuwa, musamman masu sayen tsofaffin kayan wuta daga kwantena, ga abin da zan bar muku. Kome kuka saya da ya daɗe a ajiye, rediyo ne ko sikeli ko injin ƙirga kuɗi, ku buɗe ku nemi batir ku cire kafin ku kai shi bango. Ku duba wutar da aka saita shi a kanta. Kada ku naɗe fis, ko da mai kaya na tsaye a kanku. In kuma kuna da yaro da ya kama wata sana'a da ba ku so, kafin ku yanke masa hukunci ku taka ku je inda yake zama, ku ga abin da hannunsa ke yi. Ni minti goma ne tsakanina da nawa, sai da na yi shekara biyu kafin in isa.

Tsoho, in yana raye Allah Ya ba shi lafiya. Yaranmu da ke kan hanya da waɗanda ke tunaninta, Allah Ya tsare su, Ya sa musu albarka a inda suke. Mai gidan abincin ya kira makon jiya, wai hannun hagu ya fara kasala. Ranar Litinin za mu je, yaron ne zai duba, ni zan riƙe tocila.